Tambayoyi da amsoshi kan tsara tashar wutar lantarki mai ɗorewa ga Hausawan Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, maganar wuta ta dawo hannun jama'a. Mai injin niƙa a Gadarif, da lajnar (kwamitin) masallaci a Mai Wurno, da mai ɗakin shan magani a Madani, kowa na neman lantarkin da ba zai riƙa yankewa ba, kuma galibi da kuɗin da 'yan'uwa suka tara da guminsu a Jidda da Makka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne muka fi ji daga bakin irin waɗannan mutane, mu masu aikin lissafi da zanen tashoshin wuta. Amsoshin sun fi shafar tashar unguwa, ko gona, ko kasuwa, ko ƙaramar masana'anta, amma ƙa'idar da ake bi ɗaya ce da ta manyan tashoshi.

Ƙasar nan tana da madatsun ruwa manya. Me ya sa wuta ba ta isa?

Gaskiya ne akwai su. Madatsar Marawi da aka buɗe a 2009 tana da injuna 10, kowanne megawat 125, jimla 1,250. Rusairis da ke Damazin, wadda aka gama a 1966 aka kuma ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, tana da megawat 280. Madatsun Atbara ta Sama da Setit suna da 320, Sinnar kuwa, da aka gina tun 1925 saboda noman Jazira, 15 kacal take bayarwa. A ɓangaren masu ƙona mai akwai Um Dabakir kusa da Kosti mai megawat 500, da Garri, da ta Bahri. Ana kuma sayo wata daga Habasha ta layin da ya biyo ta Gadarif, da kaɗan daga Masar ta Wadi Halfa.

Sai dai adadin da aka rubuta a jikin tasha ba shi ne abin da take bayarwa kullum ba. Ruwa yana ja baya a daidai watannin zafi, lokacin da kowa ke kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Shekara da shekaru Rusairis tana raguwa a tsakiyar damina ma, saboda Shuɗin Nilu yana kwaso laka da itatuwa daga tsaunukan Habasha, dole a saki ruwa don kada tafkin ya cike. Babbar madatsar Habasha da aka ƙaddamar a Satumban 2025 tana tare mafi yawan wannan laka yanzu, amma ta sa aikin Rusairis ya rataya a kan yadda ake sakin ruwa daga can. Masu ƙona mai kuma suna buƙatar mai da kayan gyara da ake saye da dala. A kan duk wannan sai ga yaƙi: a 2025 jiragen yaƙi marasa matuƙi sun kai hari kan tashar rarraba wuta ta Marawi, jihohi da dama suka kwana cikin duhu alhali injunan madatsar suna nan. Taransifoma babba guda ɗaya in ta ƙone, ba a shago ake sayo wata ba, ƙera ta ake yi bisa oda, kuma takan ɗauki watanni masu yawa.

To me injiniya mai tsarawa zai yi mana wanda mai sayar da kaya ba zai yi ba?

Mai shago abin da ke cikin sitonsa zai sayar muku, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Injiniyan da kuka ɗauka da kuɗinku, wanda ba shi da ko kwabo a cinikin kayan, aikinsa ya gano abin da kuke buƙata kafin a sayi komai. Zai auna nauyin wutar da za ku ja, ya duba fili da ƙasa da hanyar da mai zai iso, ya kwatanta hanyoyi biyu ko uku da kuɗin kowacce na shekara goma, ya fitar da zane da jerin kaya da siffarsu, ya taimaka wajen zaɓen ɗan kwangila, ya tsaya a kan aiki, sannan ya gwada tashar kafin ku biya kuɗin ƙarshe. Ko Marawi da girmanta, kamfanonin Sin ne suka yi ginin, Alstom ya kawo injuna, amma wani kamfani daban na Jamus, Lahmeyer, shi ya riƙe zane da sa ido. Raba mai gini da mai duba gini ba almubazzaranci ba ne.

Mun san abin da ke sa lajnoni ja da baya: ganin za a biya mutum kuɗi a kan takarda alhali ba a ga ƙarfe ko ɗaya a ƙasa ba. A ra'ayinmu wannan takardar ita ce mafi araha a duk aikin, kuma ita kaɗai ce ake iya gyara kuskurenta da alƙalami.

Yaya ake sanin girman tashar da ta dace da mu?

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka za mu ɗan tsaya.

Abin farko, a rubuta duk abin da zai ja wuta, da ƙarfinsa kamar yadda yake a farantin ƙarfen da ke manne jikinsa, da sa'o'in da yake aiki. Ba a tara su duka a ce ga jimla, domin ba sa tashi lokaci ɗaya. Injin niƙa da safe yake aiki, walda da rana, fitilu bayan magariba, firjin magani kuwa dare da rana. Abin da injiniya ke nema shi ne hoton yini guda, sa'a bayan sa'a, da na watan da ya fi nauyi. A azumi nauyin yakan koma dare. A kakar riɗi masu matsar mai ba sa hutawa. Idan akwai wata wuta da ake amfani da ita yanzu, ya fi kyau a ɗaura na'urar awo ta kwana bakwai tana rubutawa, maimakon a dogara da ƙiyasin baki.

Na biyu, mota mai juyawa, irin ta injin niƙa ko famfon ban ruwa, tana jan wuta ninki 5 zuwa 7 a daƙiƙun tashinta. Shi ya sa za ku ga janareta da ya isa a lissafi yana shaƙewa da zarar an kunna injin. Maganinsa ba lallai ne a sayi ƙaton janareta ba. Sau da yawa na'urar tada mota a hankali, ko tsarin da zai hana motoci biyu tashi tare, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Na uku, a kula da bambancin kVA, wato ma'aunin da ake rubuta girman janareta da shi, da kilowat. Janareta mai kVA 100 kilowat 80 yake bayarwa, kuma wannan ma a yanayi mai sauƙi. A kuma tambaya ko adadin na aikin kullum ne ko na tsayawa ko-ta-kwana, domin na biyun ya fi girma a rubuce amma ba a yi shi don ya yini yana aiki ba.

Akwai kuma kuskuren da masu hali suka fi faɗawa, wato sayen wanda ya yi girma da yawa don a huta. Injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙona mai sosai, baƙin maiƙo yana taruwa a salansa, ya lalace da wuri, ga shan mai a banza. Daidai ruwa daidai tsaki: a bar sarari don ƙaruwar shekaru kaɗan masu zuwa, a kuma zana wurin yadda za a iya ƙara inji daga baya.

Janareta za mu saya ko hasken rana?

Ku yi lissafin mai tukuna. Janareta mai lafiya yana shan kusan lita 0.3 a kan kowane kilowat na sa'a ɗaya. A ce kuna jan kilowat 60 na sa'a 10 a yini, kun ƙona wajen lita 170 zuwa 180, kusan ganga guda kullum. Ku ninka da farashin garinku, ku tuna kuma da yadda mai ya yi wuya bayan harin da aka kai kan rumbunan mai na Fot Sudan a watan Mayun 2025. Tashar da rayuwarta ta dogara da tanka mai tahowa daga gabar teku tana da rauni ko da injinta sabo ne.

Rana kuwa Allah ya hore wa ƙasar nan. Kilowat ɗaya na allunan sola yakan ba da kilowat-awa 4 da rabi zuwa 5 a yini bayan an cire asara. Ga aikin rana, kamar ban ruwa a gonakin bakin kogi, da rijiyar burtsatse, da niƙa, babu abin da ya kai shi, musamman in za a tara ruwa a tanki maimakon tara wuta a batir. Tsadar tana zuwa ne da dare, domin batir shi ne ɓangare mafi tsada kuma mafi gajeren rai. Saboda haka yawancin wuraren da ke buƙatar wuta dare da rana haɗi muke ba su shawara: sola ta ɗauki rana, batir ya ɗauki fitilu da firji da fankoki, janareta ya tsaya don ranakun hadari da nauyi na musamman. Rabon kowanne daga awon nauyi yake fitowa.

'Yan'uwanmu a Jidda sun samu janareta mai rahusa, za su turo ta Sawakin. Mu ce su saya?

Ku ce su dakata su turo hoton farantin da ke jikinsa tukuna. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, wato Hz 60, ta Sudan kuwa Hz 50 ce, kamar ta Najeriya da Nijar da Masar. Janaretan da aka saita don Saudiyya yana juyawa 1,800 a minti, namu 1,500. In kuka haɗa shi da famfon da aka ƙera don Hz 50, famfon zai yi gudu da ƙarin kashi 20 cikin 100, ƙarfin da zai nema kuma zai haura da kusan kashi 70, motar ta yi zafi ta ƙone. In kuma motar ce ko taransifoma aka kawo daga can aka ɗora a wutarmu, za ta rage gudu ta riƙa ɗaukar zafi.

Yawancin manyan janaretoci ana iya sauke gudunsu a sake saita su, amma ƙarfinsu zai ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida, kuma mai sani ne zai yi, ba wanda zai murɗa ƙusa da ka ba. A duba ƙarfin volt ma: tsofaffin kayan Saudiyya da yawa na tsarin 127 da 220 ne, mu kuwa wayoyinmu uku suna kan 400 zuwa 415. Allunan sola da batura ba ruwansu da wannan matsala. Inbata kuwa, wato na'urar da ke mayar da wutar sola da batir irin ta gida, wata tana karɓar duka biyun, wata ba ta karɓa.

Abin takaici ne mutum ya shekara yana tara riyal a ƙasar mutane, ya biya jirgin ruwa da kwastan, kaya su iso ƙauye da murna, sannan a tarar ba su dace ba. Hoto ɗaya ta waya kafin ciniki yana hana wannan.

Zafi da ƙura fa?

Adadin da ke jikin allon sola an auna shi ne a zafin digiri 25. A Mayu, a Sinnar ko Atbara, jikin allon yakan kai 65 zuwa 70, ya yi asarar kusan kashi 15 cikin 100. Dole a saka wannan a lissafi, a kuma ɗaga allunan iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsu, a fuskantar da su kudu da jingina kusan digiri 15. Janareta ma ƙarfinsa yana sauka in zafi ya wuce 40, don haka ɗakinsa yana buƙatar mashigar iska mai faɗi da mafita a gaban lagireto. Batirin dalma kuwa duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. Na litiyam ya fi juriya, amma shi ma ɗaki mai inuwa da iska yake so, ba kwantenar ƙarfe a tsakar rana ba.

Guguwar habub tana iya lulluɓe alluna cikin dare ɗaya. Tun a zane ake tanadin wanda zai wanke, da ruwan wankin, da hanyar da zai bi tsakanin layuka. A Fot Sudan da Sawakin abokin gaba gishirin iska ne, ƙarfen da ba a yi wa rufin tutiya ba tsatsa za ta cinye shi.

Wajibi ne a gwada ƙasa?

A Jazira da Gadarif da Sinnar, wajibi ne. Baƙar lakar nan tana kumbura da damina ta tsage da rani, duk wanda ya taɓa gina katanga a can ya sani. Harsashin da ya motsa yana karkatar da inji, ya tsinke bututun mai, ya murɗe ƙafafun alluna. A kuma tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa a ambaliyar 1988 da ta 2020, a ɗaga dandamali sama da nan.

Inji ɗaya babba ko biyu matsakaita?

Ga asibiti, da ɗakin sanyi, da tashar ruwan sha, biyu. Kowane inji sai ya tsaya don juyen mai, galibi bayan sa'a 250 zuwa 500, kuma wata rana zai lalace. In biyu ne, ɗaya na riƙe da muhimman layuka yayin da ake gyaran ɗayan, da dare kuma a kashe guda a rage shan mai. Su kasance iri ɗaya, kuma irin da makanikan garinku suka sani, wanda ake samun matatarsa da bel ɗinsa a kasuwar da ta fi kusa.

Muna bakin kogi. Ba za mu iya samun wuta daga ruwan ba?

Da wuya. Injin ruwa gangara yake buƙata, Shuɗin Nilu kuwa daga Sinnar zuwa Hartum a shimfiɗe yake tafiya. Ga shi kuma ba wanda ke da ikon tare kogin da kansa. Amfanin kogin a gare ku shi ne ban ruwa da famfon sola.

Me ya kamata a rubuta a yarjejeniya da ɗan kwangila?

A rubuta sunan kowane kaya da samfurinsa da ƙarfinsa, har kaurin waya da cewa ta tagulla ce, domin a nan ake yawan sauya abu a ɓoye. A rubuta abin da tashar za ta bayar, misali kilowat kaza na sa'a kaza a jere, da yadda za a gwada. A raba biya kashi-kashi: kafin alƙalami, bayan isowar kaya da duba lambobinsu, bayan haɗawa, bayan gwaji. Kada sauƙin Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya sa a tura kuɗi duka a zama ɗaya. A riƙe wani kaso har ƙarshen lokacin garanti, wanda bisa al'ada shekara ɗaya ne. Saboda yadda darajar fam take sauyawa, a fayyace da wane kuɗi aka yi farashi da wanda zai ɗauki bambanci in kaya sun makara a tashar jirgi.

Ranar karɓar aiki a ɗora wa tashar cikakken nauyi na sa'o'i, a yanke wuta da gangan a ga ko na'urorin kariya suna aiki, a auna wayar kariya da ake binnewa a ƙasa da maganin tsawa. A karɓi zanen yadda aka haɗa a zahiri, da littafin kowane inji, da lambobin sirrin inbata. Waɗannan lambobin ana yawan mantawa da su, sai ranar da ɗan kwangila ya bar gari a tarar ba mai iya taɓa saitin.

In 'yan'uwa ne ko surukai za su yi aikin, nan ne rubutu ya fi zama dole, domin ya tsare zumunci. Alƙur'ani ma ya yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Ta yaya za mu gane injiniya na gaskiya?

Ku nemi shaidar rajistarsa da Majalisar Injiniyoyi ta Sudan. Ku ce ya nuna muku aikin da ya yi wanda ya shekara biyu ko fiye yana gudana, ku je ku yi magana da mai kula da wurin shi kaɗai. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana da kamasho a wurin masu kaya. Wanda ya faɗa muku girman tasha da farashinta ta waya, bai zo ba, bai tambayi abin da za ku kunna ba, ku yi masa godiya ku nemi wani. Akwai matasa da yawa, har da 'ya'yanmu, da suka fito daga jami'o'in Hartum da Jazira da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, yaƙi ya raba su da wuraren aikinsu. Haɗa irinsu da gogaggen dattijo a sana'ar yakan ba da aiki mai kyau.

In wutar ƙasa ta dawo, asara muka yi?

A'a, in an zana da wannan a rai. Tashar sai ta koma mai rage muku kuɗin mita da tsaya muku ranar yankewa. Sharaɗin shi ne makunnin sauya layi wanda ba zai taɓa barin wutarku ta koma cikin layin gwamnati ba. Wutar da ta koma baya taransifoma tana ɗaga ta zuwa volt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a mace yake. Wannan maganar rai ce, kada a bari kowa ya yi haɗin wucin gadi. Duk haɗi da layin ƙasa kuma sai da izinin kamfanin rarraba wuta.

Wa zai kula da ita bayan an gama, kuma da wane kuɗi?

Wannan tambaya ya kamata lajna ta fara amsawa, tun kafin a kira mu. Tashoshin unguwa da yawa ba kuskuren zane ne ya kashe su ba, ranar da batura suka gaji ne aka duba asusu babu komai. Kuɗin da ake karɓa a hannun masu amfani dole ya ɗauki abu uku: mai da albashin mai kula, gyaran yau da kullum, da ajiyar sauya batir da inbata da babban gyaran inji. Kason na ukun a ware shi a asusu daban mai sa hannun mutum biyu ko uku, kuma tunda fam yana zubewa, gara a riƙa mayar da shi kayan gyara a ajiye a sito.

A sa wa kowane gida da shago mita mai biya kafin amfani, mutanen ƙasar nan sun saba da ita tuntuni, kuma tana kawar da rigimar wane ya kunna hita wane bai kunna ba. In za a ɗauke wa masallaci da makarantar allo da marayu, alheri ne, amma a rubuta wanda zai biya musu, ko mai hali ɗaya ko ƙari kaɗan a kan kowa. A zaɓi matasa biyu daga unguwar su tsaya tare da masu haɗawa tun ranar farko, a saka koyar da su cikin yarjejeniya, a ba su littafi su riƙa rubuta sa'o'in inji, da litar man da aka zuba, da ranar wankin alluna, da duk ƙarar da ba su saba ji ba. Injiniya ya zo duba littafin nan da injunan sau biyu a shekara, ɗaya kafin zafin Afrilu, ɗaya kafin saukar damina.